Baba a Tsallaken Kogi

Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da ƙauyenmu na bakin tafki yake fara zama kufai. Masu 'ya'ya sun sauka gari saboda makaranta. Maza kuwa, har da mijina Heika, sun bi garken bareyin da muke kiwo can wajen iyakar Norway. Saura ni da Baba, sai wasu tsofaffi biyu a ɗaya ƙarshen ƙauyen, waɗanda ko ihu ka yi ba za su ji ba. Ni ban sauka ba don masu yawon ƙafa ba su ƙare ba tukuna. Hanyar da ta ratsa gandun dajin nan ta bayan bukkata ta bi, kuma wanda ya yi kwanaki yana cin busasshen abincin leda, in ya ji ƙamshin gurasa da kifi mai hayaƙi, ba ya iya wucewa.

Baba, sunansa Ovlla, ya kusa tamanin. Ƙafarsa ba ta san ya tsufa ba, kansa ne ya fara barinsa. Yakan sha kofi ya tambaye ni yaushe za a dafa kofi. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana jiran Inna, wadda muka binne tun ina goyon ɗana na biyu. Amma ka nuna masa kunnen barewa daga nesa, zai gaya maka ta gidan wa ce, da sunan kakan mai ita. Ni, Biret, yana gane ni, ko da yake wani lokaci da sunan ƙanwarsa yake kirana.

A makon nan ne Risten, ƙanwata, ta zo. Ta fi shekara ashirin a birnin Uppsala tana aiki a kantin magani, ba ta hawowa dutse sai jefi-jefi. Da ta sauko daga jirgi mai saukar ungulu da ke kawo mana kaya, ta nufi Baba da hannu a buɗe. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ba ta hannu.

"Sannu da zuwa. Daga ina baƙuwar take?"

Ta yi dariya. Can kuma ta ce za ta duba bayan bukka, ta daɗe ba ta dawo ba.

Kwanakin nan an yi wani irin ɗumi da bai dace da lokacin ba, ga ruwan sama ya kwana yana zuba. Da safe gajimare ya sauko ya zauna a kafaɗun duwatsu. Ragata ta kamun kifi ta kwana biyu a tafki, ina ta jan ƙafa.

"Yaya, je ki ɗebo kifinki kafin ya ruɓe," in ji Risten. "Ni ma ai 'yarsa ce."

"Kada ki ɗauke ido daga kansa."

"Haba, sai ka ce jariri."

"Jariri ba ya tafiyar wuni, Risten."

"To, na ji, uwar gida. Tafi."

Na bar su yana kwance a kan fata, ita tana wanke kofuna.

Rana ta yi tsaka lokacin da na ja kwalekwale bakin gaɓa. Abin da na fara lura da shi, Runne, karenmu, bai zo ya tarye ni ba. Karen nan ko daga bayan gida na fito sai ya yi mini oyoyo. Na tarar da Risten a bakin rafi tana wanke gashi.

"Ina Baba?"

"Barci yake. Yanzu na leƙa."

"Yanzu yaushe?"

Ta matse gashinta ta miƙe. Muka shiga tare. Bargo ne kawai a tattare a kan fata. Takalmansa babu. Na ɗaga kai na duba ƙusa, igiyarsa ta kamun barewa ita ma babu.

Na ruga bukkar matafiya inda wayar gaggawa take. Mutumin da ya ɗauka ya saurare ni da kyau, ya rubuta kamannin Baba, sannan ya ce gajimare ya yi ƙasa da yawa, jirgi ba zai tashi ba sai ya ɗaga. Masu zuwa da ƙafa kuwa sai gobe. Na ajiye wayar, na cusa gurasa da busasshen nama da ashana a jaka, na ɗauki sandata.

Sawunsa bai yi wuyar samu ba. Ga shi nan a laka, da na kare a gefe, sun nufi gabas. Da na ga haka sai na ƙara sauri. A gabas akwai tsohon shingen da muke tsaga wa 'yan bareyi kunne tun muna yara, an daina amfani da shi tuni. Tsakaninmu da shi kuma akwai kogin da muke kira Mai Madara, don ruwansa fari ne, daga ƙanƙarar kan dutse yake narkowa. Da sassafe yaro ma yana iya ratsa shi. In rana ta daki ƙanƙarar, ko aka yi ruwa, kafin la'asar ya zama wani abu dabam.

Muka yi ta tafiya. Risten tana haki a bayana, takalmanta sababbi suna ta ƙara.

"Faɗi mana," ta ce daga baya. "Faɗi abin da ke bakinki."

"Ba ni da numfashin ɓatawa."

"Gashi kawai na wanke, Yaya."

"Ya yi kyau kuwa."

"Kin san abin da ke damuna da ke? Ba ki taɓa cewa ya kai haka ba. Kullum in na kira, lafiya lau, lafiya lau."

"Da na faɗa me za ki yi? Ki aiko da ƙwaya?"

Ta kau da kai. Ni ma ban ji daɗin maganar ba, amma ban janye ta ba.

A kan wani tudu muka ci karo da wata mata ita kaɗai, da ƙatuwar jakar baya da sanduna biyu. Turancina na sayar da gurasa ne, don haka Risten ce ta yi magana da ita. Sunanta Leonor, daga Portugal, malamar makaranta ce, ta zo ne don ta ga hasken nan na sama da ke fara fitowa in dare ya dawo, bayan makonnin da duhu ba ya yi a wurinmu. Ta ce ta ga tsoho, i. Da hantsi, a bakin kogi, lokacin da ita ta gama ratsowa. Ya ɗaga mata hula, ya nuna mata inda ya kamata ta bi, ya shiga ruwan da karensa kamar mai shiga ɗakinsa.

"Ruwan ya kai ina?" na ce Risten ta tambaye ta.

Matar ta nuna gwiwarta. Sai ta dubi fuskata, ta dubi ta Risten. Ba wanda ya roƙe ta. Ta juya ta bi mu.

Tun kafin mu ga kogin muka ji shi. Ba ƙarar ruwan ba ce ta tsorata ni, wata ce a ƙarƙashinta, gum, gum, kamar ana mirgina manyan tukwane a cikin ƙasa. Duwatsu ne ruwan yake turawa. Tun ina ƙarama aka koya mini, in ka ji wannan, ka zauna ka dafa kofi, ba a shiga.

Muka hau gaɓa, sai ga shi. Yana zaune a kan dutse a wancan tsallaken, igiya a kafaɗa, Runne a gindin ƙafarsa. Bai fi jifa ɗaya ba tsakaninmu. Risten ta saki wani kuka mai haɗe da dariya, ta ɗaga hannu biyu tana kaɗawa.

"Baba! Baba!"

"Sauke hannunki!" na daka mata tsawa.

Amma ya riga ya gani. Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya gyara igiya, ya gangaro bakin ruwa. An kira shi, zai zo. Runne ya sha gabansa yana haushi, ya ture shi da ƙafa. Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi, ni kaina ban ji muryata ba. Ya sa ƙafa ɗaya a ruwa.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. In ana koro garke zuwa shinge, masu tsaron gefe ba sa jin juna, da hannu ake magana. Ka ɗaga hannu ɗaya sama, tafi a buɗe, ka sauke shi a hankali: tsaya inda kake, garke na tafe, kada ka motsa. Na hau dutse na yi masa haka. Na sake yi.

Ya tsaya. Ya dube ni. Ya waiga bayansa kamar mai neman garken. Sannan ya janye ƙafarsa, ya koma ya tsuguna a bayan dutsen nan, ya riƙe kare a wuya, yadda ake yi don kada bareyi su firgita.

Na sauko na zauna.

Leonor tana da wata 'yar na'ura mai aika saƙo ko babu sabis. Ta aika wa masu ceto inda muke. Amsa ta dawo: sun gani, gajimare bai ɗaga ba, kada kowa ya shiga ruwa.

"To sai mu jira," in ji Risten. "Ko ba haka ba? Da safe ruwan zai sauka."

"Dube shi."

Ya sake miƙewa. Ya manta. Ya gan mu kamar yanzu ya fara ganinmu, ya gangaro. Na sake hawa dutse na ɗaga hannu, ya koma. Ba a jima ba ya sake tasowa. Haka muka yi ta yi, shi ya taso, ni in mayar da shi, kuma kowane karo sai ya ɗan ƙara jinkiri kafin ya yarda.

"Yanzu yana ganina," na ce. "In duhu ya yi fa? Rigar ciki ce kawai a jikinsa, wandonsa a jiƙe. Ko bai shiga ruwa ba, sanyi zai gama da shi kafin asuba."

Risten ta dubi sama. Hasken ya fara yin toka-toka.

Can sama da mu kaɗan kogin ya baje a kan tsakuwa, ya rabu uku. In akwai wurin da mutum zai iya ratsawa, nan ne. Na cire jan gyalena na ɗaura wa Risten a wuya, na ba ta hulata.

"Hau dutsen nan. In ya taso, ki yi masa yadda na yi. A hankali za ki sauke hannun."

Na kama hanya. Ban yi nisa ba na ji Leonor tana ƙwala ihu. Na waiga. Risten tana kan dutse tana ɗaga hannu tana saukewa, daidai yadda na nuna mata, Baba kuwa ko kallonta bai yi ba. Ni yake bi da ido. Ya ga na tafi, ya shiga ruwa zai biyo ni, har ya kai masa ƙwauri, yana tangaɗi.

Na dawo da gudu, na faɗi, na tashi, na ture Risten daga kan dutsen. Na ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallona, ruwa yana dukan ƙafafunsa. Sannan ya ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, ya fita.

Risten ta kwance gyalen ta miƙo mini.

"Bai san ni ba," ta ce. "Ke kaɗai yake ji."

Na karɓi gyalen. Ta dubi kogin.

"To ni zan je," ta ce.

"Ba ki da hankali. Yaushe rabonki da ratsa kogi?"

"Tun ina budurwa. Akwai wata dabara? Faɗa mini in akwai."

"Kin ji duwatsun nan kuwa?"

"Kunnena ƙalau, Yaya. Ke ki tsaya nan ki riƙe shi. Ni in je. In kin fi so mu tsaya mu biyu mu kalle shi ya nutse, sai ki faɗa."

Ta juya ta yi wa Leonor bayani. Matar ba ta yi gardama ba, ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ɗauki buhun da ruwa ba ya shiga, ta cusa bargonta na barci da rigar ulu da safa. Na ƙara gurasa da nama da ashana. Risten ta tuɓe wandonta da rigar sama ta sa a ciki, ta goya.

Ina magana idona yana kan Baba. "Kada ki ɗaure maɗaurin ƙugu, in kin faɗi ki iya yar da jakar. Fuskarki ta kalli inda ruwan ke fitowa. Sanda tukuna, sannan ƙafa. Kada ki ɗaga ƙafa, ja ta za ki yi. Kada ki kalli ruwan, kanki zai juya, ki kalli gaɓa. In ya wuce cinyarki ki dawo. Kin ji ni? Ki dawo."

"Na ji."

"Risten."

"Na ce na ji, uwar gida."

Ta karɓi sandata ta tafi. Leonor ta bi ta, ta tsaya a bakin ruwa ƙasa da ita kaɗan da sandunanta a miƙe, ko da yake duk mun san ba abin da za su tsinana.

Ban taɓa sanin mutum yana iya kallon wuri biyu ba sai ranar. Hannuna a sama, idona a kan Baba, wutsiyar idona a kan ƙanwata. Reshen farko ta ratsa shi da sauƙi, bai wuce gwiwa ba. Ta tsaya a kan tsakuwa tana buga ƙafa. Ruwan nan in ya taɓa ka, da farko kamar wuƙa, daga baya ba ka jin ƙafar ma sam, kuma wannan ne mugun. Reshe na biyu ya kai mata cinya. Na ga sandar tana karkarwa a hannunta, ta tsaya cak a tsakiya, ta daɗe, har na ce a raina shi ke nan ta ƙage. Sai ta ja ƙafa, ta sake ja, ta fita da rarrafe.

Baba ya taso. Na mayar da shi. Kafaɗata kamar za ta cire.

Saura na uku, wanda ya fi ƙunci, ya fi zurfi, shi ne yake bin gindin waccan gaɓar ya gangaro ta gaban Baba. Risten ta tsaya tana kallonsa. Ta waigo wajena. Na girgiza mata kai, na yi mata alama ta dawo. Ko ba ta gani ba, ko ta gani ta ƙi, har yau ba ta gaya mini ba. Ta shiga.

Taku uku, ruwa ya kai ƙugu. Na huɗu, sandar ta kuɓuce.

Ba ta yi ihu ba, ko ta yi ban ji ba. Na ga ta zauna cikin ruwan kamar an janye mata kujera, sai ga kanta, sai ga jakar, sai ga ƙafa. Ruwan ya ɗauko ta da gudu. Na manta da hannu, na manta da alama, na diro daga dutsen ina bin gaɓa ina kiran sunanta. Ƙasa da inda Baba yake, rassan uku suna haɗuwa su faɗa cikin wani maƙoshin dutse. Wanda ya shiga nan sai dai a neme shi a tafki.

Da na ɗaga ido na ga Baba a tsaye a bakin ruwa, ƙafafu a ware. Igiyar ta bar kafaɗarsa, tana hannunsa a naɗe. Bai yi gaggawa ba. Ya bi abin da ruwa ya ɗauko da ido, yadda yake bin ɗan barewa a cikin garke, ya karkata, ya wurga.

Zargen bai shiga ba. Igiyar ta faɗo mata a ƙirji, ta zame. Na ga hannu ya fito daga farin ruwan ya cafke ta.

Igiyar ta miƙe, ta fizge Baba ya faɗi a kan duwatsu. Ta ja shi a zaune har dugadugansa suka tokare da wani dutse a bakin ruwa, nan ya tsaya, ya kwanta da baya, igiyar naɗe a hannunsa. Runne yana ta zagaye shi yana haushi. Ruwan ya yi lilo da Risten, ya kaɗo ta gefe, ya maka ta a cikin ƙananan itatuwan bakin gaɓa. Ta rungume su. Ta daɗe a haka, rabinta a ruwa. Sannan ta ja jiki ta fita, ta kife.

Leonor ta iso inda nake ta riƙe ni, tana ta maimaita wata kalma da harshensu. Ni kuwa lissafi nake: ta jiƙe har gashi, iska ta fara kaɗawa, in ba ta tashi yanzu ba, ba za ta tashi ba.

"Tashi," nake cewa, ba mai jina. "Tashi, 'yar banza, buɗe jakar."

Baba ne ya je kanta. Hannunsa ɗaya a maƙale a ƙirji, ya sunkuya, ya zungure ta da ƙafa, yana nuna kogin yana nuna ta. Ko daga nesa na gane faɗa yake yi. Ta ɗago, ta zauna, ta jawo jakar. Na ga ta sa rigar ulu, ta lulluɓa masa bargon, ya ture, ta sake lulluɓawa. Daga nan suka matsa bayan babban dutsen, na daina ganinsu.

Wannan jiran ya fi komai tsawo. Duhu yana shigowa, ba motsi, ba kare. Itacen wurin duk a jiƙe yake, yatsun Risten kuwa na san ba za su iya riƙe ashana ba. Leonor ta kafa tantinta ta ce in shiga, na ƙi. Ina tsaye ina kallon baƙin dutsen nan har idona ya fara ƙirƙiro abubuwa.

Sai na ji ƙamshi kafin in gani. Hayaƙi. Wani siririn hayaƙi ya taso daga bayan dutsen, ya kwanta, ya sake tasowa. Can sai gefen dutsen ya yi ja.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, Leonor ta sa mini kofin shayi a hannu.

Ban runtsa ba. In wutar ta yi ƙasa sai numfashina ya tsaya, in ta tashi in sake shi. Iska ta juya ta koma arewa, sanyi ya sauko mai cizo, na ji daɗinsa don shi ne zai ɗaure ƙanƙarar can sama ya rage ruwan. Gajimare ya yayyage, taurari suka fito. Sai ga hasken ya taso daga bayan duwatsu, kore, ya miƙe ya ratsa sama yana kaɗawa kamar labule, gefensa yana yin ja-ja. Leonor ta miƙe tsaye ta saki wata ƙara.

Na kama rigarta na zaunar da ita, na sa yatsa a baki. Mu ba ma yi masa ihu, ba ma nuna shi da hannu, haka aka tashe mu. Ban da haka, tsoro nake kada Baba ya ji murya ya fito. Ta gyaɗa kai, ta zauna kusa da ni, kanta a sama, hawaye yana bin kuncinta. Ni wutar tsallake nake kallo.

Da gari ya waye ciyawa ta yi fari da raɓar ƙanƙara, ƙarar duwatsun nan ta ɗauke. Ruwan ya sauka har tsakuwar tsakiya ta fito fili. Ban jira jirgi ba. Na karɓi sandar Leonor na ratsa, bai wuce gwiwata ba, har abin ya ba ni haushi.

Na same su cikin bargo ɗaya, kare a kan ƙafafunsu. Baba yana barci da baki a buɗe, wuyan hannunsa ya kumbura ya yi baƙi, tafinsa duk igiya ta sale. Risten idonta biyu. Leɓenta ya fashe, goshinta da busasshen jini, tana numfashi da ƙyar tana riƙe da haƙarƙari.

"Kin ga sandarki?" ta ce. "Na yar."

"Za ki biya."

Na durƙusa na rungume kanta, ta ce wayyo, a hankali, na sassauta.

"Shi ya hura wutar," ta ce. "Da hannu ɗaya. Ya aike ni in ɓare masa ɓawon itace, ya ce wanda na kawo na ragwaye ne, in koma. Ya zage ni tas, Yaya. Wai 'yar gidan wa ce ni, wane sakarai ne ubana da bai koya mini ba a shiga Mai Madara da yamma ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ya koya mini, ni ce ban ji ba. Ya ce to ya yafe wa uban."

Ta fara dariya, haƙarƙarin ya hana ta.

Jirgin ya zo rana tana fitowa. Suka ɗauki su biyun zuwa asibitin garin Gällivare. Ni da Runne muka raka Leonor har mararrabar hanya, na cika mata jaka da abin da ya rage na gurasa, ta yi kudu, muka yi gida.

Haƙarƙari biyu Risten ta karya, Baba kuma wuyan hannu, sanyi ya kuma sauka masa a ƙirji har ya yi makonni a kwance. Bai sake hawa dutse ba. Da ya fita asibiti muka kai shi gidanmu na gari, muka sa wa ƙofa ƙararrawa. Risten ta rage kwanakin aikinta, duk wata tana hawo jirgin ƙasa ta karɓe ni na mako guda.

Har yanzu bai san 'yarsa ba ce. Amma abin mamaki, mutumin da ba ya tuna ya ci abincin rana, bai manta da ranar nan ba. Da ta shigo da jakarta sai fuskarsa ta washe, ya dafa hannun kujera ya miƙe.

"A'a, ga yarinyar da na ciro daga ruwa! Biret, ɗora kofi. Zauna nan, 'yata, kusa da wuta. Kin daina shiga kogi da yamma ko?"

"Na daina, Baba."

"Madalla. Mutanen gidanku suna lafiya?"

Takan ce suna lafiya, suna gaishe shi. Sai ya gyara zama ya ba ta labarin yadda aka yi tun daga farko, ita kuma ta saurara tana cire takalmi.